Amsar da Na Ba Dattijo Ta Tagar Mota

Akwai wani lungu a cikin garin Gaya da har gobe ba na jin zai fita daga raina, ko da kuwa na tsufa na manta sauran wuraren da aiki ya kai ni.

Lokacin ina aiki da wani kamfanin zana taswira. Motarmu tana ɗauke da kyamarori a samanta, da na'urar da ke karɓar sigina daga tauraron ɗan'adam. A ciki kuma akwai wani ɗan akwati mai lissafin gudun mota da duk kwanar da ta sha, don ya riƙe mana hanya idan sigina ta ɗauke. Ni ke zama a baya da kwamfuta a cinya, direba na tuƙi. Sati biyu muka yi muna zagaye Ajingi kafin mu dawo Gaya. Bayana ya ƙage, idona yana yaji, ko gaisuwa nauyi take min.

Lungun matsattse ne, rumfunan kwano da manyan darbejiya sun rufe samansa. Da mun shiga sai sigina ta ɗauke. Akwatin nan kuwa in ya daɗe yana aiki shi kaɗai, lissafinsa karkacewa yake, sai taswira ta nuna mun ratsa ta tsakar gidajen mutane. Haka muka yi ta fita muna sake shiga. A zagaye na huɗu wani dattijo tela mai shago a bakin lungun ya taso, yana bin motar a hankali.

"Ɗana, wannan zagaye haka na mene ne?"

Na san in muka tsaya sai mun sake na biyar. Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Aikin hanya ne, Baba," na ce wa direba mu je.

Bayan kwana biyu ofis ya ce aikin bai fita ba, mu koma. Muka tarar da shagon babu rufi. An sauke kwanon, an kwance bangon gaba, bulo a jere a gefe, keken ɗinkin yana rana. Maƙwabcinsa ya shaida mana cewa tunda aka auna lungun har sau huɗu, kuma ma'aikaci ya faɗa da bakinsa, dattijon ya tabbata faɗaɗa hanya za a yi. Shi ne ya kwance kayansa da hannunsa kafin katafila ta zo ta niƙe su.

Na sauko daga mota. Na durƙusa na yi masa bayani cewa hoton hanyoyi kawai muke ɗauka, babu mai taɓa ginin kowa. Ya daɗe yana kallon bulon nan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ashe bayanin ma ba shi da tsawo," in ji shi.

Ranar ba mu yi taswira ba. Ni da direba muka wuni muna miƙa wa wani magini bulo yana mayar da bangon shagon, har tafin hannuna ya saluɓe.

Daga nan na gane cewa duk wanda ya shiga unguwar mutane da kayan aikin da ba su sani ba, maganarsa tana da nauyin da shi ba ya ji. Yanzu komai gajiyata, in mutum ya tambaye ni, sai na sa an kashe mota na sauko na ba shi amsa cikakkiya.