Gonar da Muka Karɓe daga Maƙeri

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina biyu ke nan ba mu cika rumbu ba. Na dawo daga cin rani a Kano na tarar da magana ɗaya a bakin kowa a Matameye: an faɗa a rediyo cewa daga yanzu gona ta wanda ke noma ta ce, ko da aro aka ba shi.

Muna da wata gona a hanyar Dawce wadda mahaifina ya ara wa wani maƙeri tun kafin a yaye ni. Shekara da shekaru yana zuba mata taki, ya bar gawo ya tashi a ciki, har ta fi tamu kyau. Kowace kaka yakan kawo mana damin gero ɗaya, shaidar dai gonar ba tasa ba ce.

Ni na tayar da maganar. Na ce wa Baba in muka bari ya shuka ta bana, ta tafi ke nan. Baba ya ce, "Mutumin nan bai taɓa yi mana gardama ba." Na ce ai doka ce za ta yi masa. Kwana uku ina damunsa, har ya ce in yi yadda na ga dama, amma shi ba zai je ba.

Na sami maƙerin yana gyaran hauya. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa masa muna son gonarmu. Ya ajiye guduma ya ce, "Ɗana, ni ma na ji rediyon. Da ka tambaye ni, da na je gaban mai gari na rantse gonarku ce." Ya roƙa a bar shi ya kwashe karan da ya tara, na ce to.

Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Irinmu bai isa gona biyu ba, ko rabin wadda muka karɓe ban shuka ba. Kafin kaka maƙerin ya kwashi iyalinsa ya tsallaka iyaka ta Ɗan Barto, aka ce Daura ya nufa. Ba wani ma'aikacin gwamnati da ya taɓa zuwa wajenmu ya tambayi wa ke noma wace gona.

Bayan shekaru na neme shi a Daura sau biyu. A zuwa na biyu wani mai gawayi ya nuna mini ɗan maƙerin, ya ce tsohon ya rasu bara. Na yi wa ɗan ta'aziyya. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce daga Matameye, ban ƙara komai ba.