Kawu Lado da Baturensa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Lado a Sheme ya san abin da ke hana mutum komawa barci bayan sallar asuba. Muryar Kawu ce, yana gaisawa da injin burodi.

"Bature, an tashi lahiya? To madalla. Ga garin aya gwangwani uku. Ga ƙwai. Ga man shanu. Ka riƙe amana hwa!"

Da ƙarfi yake faɗa kamar mai shela a kasuwa, har maƙwabta suna ji ta katanga. Injin wani farin akwati ne mai murfi, bai kai girman bokiti ba, 'yarsa Bilki ce ta aiko da shi daga Kaduna. Kawu ne ya raɗa masa Bature, wai don ba ya son kwatance, sai an auna masa komai daidai, kuma in ya ce zai gama a lokaci kaza, to ko za ka yi kuka ba zai gama kafin nan ba.

Da yawanku kun ɗauka tsufa ne ya taɓa Kawu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke kai su asibiti, don haka na san inda abin ya samo asali. Matarsa Hajiya Rabi ce ciwon suga ya kama, ga wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce in ba ta kiyaye abinci ba, ƙafar ce za a rasa. Ya hana ta burodi, ya hana ta sukari, ya ce tuwo ma sai kaɗan. Hajiya kuwa tun tana amarya karin kumallonta shayi ne da burodi. Tun a mota ta yanke hukunci.

"Ni a gidana za a ware mani kwano kamar baƙuwa? Abin da gida ya ci shi zan ci. In ƙahwar ce, Wanda ya ba ni ita ya san yadda zai yi da ita."

Na ji tsoro ranar, wallahi, don na san Hajiya in ta kafe ba mai tanƙwara ta.

Ba a yi mako ba sai ga Kawu da sabon zance. Ashe ya yi waya da Bilki, ta ba shi labarin wani tsarin cin abinci da Turawa ke kira faliyo, wato a ci irin abin da mutanen farko suka ci: nama, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace, su aya da kwakwa, ban da hatsi, ban da sukari. Ya tsaya a tsakar gida ya gyara murya.

"Daga yau abincin kakanni za a ci gidan ga. Ni na ga dama. Ba don kowa ba ne, ra'ayina ne!"

Mutumin da lafiyarsa ƙalau, wanda ke tashi da malmala uku ta tuwon dawa ya nemi ƙari! Amma tunda gida duka abu ɗaya za a ci, maganar ware kwano ta mutu. Hajiya ta kalle shi sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta shige ɗaki.

Tun daga nan Kawu ya samu tambayar da ya addabi gari da ita. Ko me aka miƙo masa sai ya ɗaga ya duba, ya ce, "Kakanmu ya ci wanga?" Lemon kwalba, "Kakanmu ya sha wanga?" Har alawa ya taɓa ƙwacewa a hannun liman.

Inda aka fara shan wahalarsa shi ne wurin ciyayya. Kun san bayan magariba dattawan unguwa kan zauna a ƙofar gidan Malam Idi, kowa a kawo masa kwano daga gidansa a haɗa a ci. Kwanon gidan Kawu shi ake jira, don Hajiya ta iya miya. Ranar aka buɗe sai ga dafaffen zogale da kabewa da 'yan tsokokin nama, babu tuwo ko loma ɗaya. Malam Idi ya leƙa, ya ɗaga kwanon ya duba ƙarƙashinsa.

"Alhaji, halan an manta rabin abincin a gida?"

"Ba a manta komi ba. Abincin kakanni ne."

"Wane kakan? Ni hwa na san kakanka. Gero yake nomawa, hura yake sha har ta zubo mashi a gemu!"

"Ba wannan kakan ba," in ji Kawu. "Na can baya, wanda ba ka sani ba."

"To shi na can bayan, da injin lantarki yake girki?"

"Da ya samu da ya yi. Ci zogale, Malam, ka bar bincike."

Zancen inji ya shigo ne saboda Hajiya ta yarda da zogale, ta yarda da kabewa, amma da safe ta ce atafau. In babu burodi ba za ta karya ba, in ba ta karya ba kuma ba za ta sha magani ba. Shi ya sa Bilki ta aiko da Bature, ta ce ana iya yin burodi da garin aya ba sai da fulawa ba. Hajiya ta ce ita ba za ta taɓa abin da ke girki ba wuta ba hayaƙi ba. Kawu ya ce shi zai yi. Na ce, "Kawu, kai za ka shiga madafa?"

"Ni? A shekaruna? Allah ya kiyaye! Girki na mata ne. Wanga aikin inji ne, kamar injin ban ruwa."

Ya kinkimi Bature ya kai turakarsa, ya ɗora shi a kan teburin da rediyo ke zama, rediyon kuma ya koma ƙasa.

Burodin farko, jama'a! Da ya juye shi a faranti sai da farantin ya yi ƙara. Wuƙa ta ƙi shiga. Aka jefa wa akuya gutsure, ta shinshina ta yi gaba abinta. Malam Idi ya roƙa a ba shi, Kawu ya ji daɗi ƙwarai, washegari muka tarar ya tokare ƙofar zaurensa da shi. Kawu ya yi fushi, ya ce daga ranar ba zai ƙara ba kowa ba. Kun dai san shi da tattali, mutumin da ke wanke leda ya shanya. Duk burodin da ya lalace shi ke cinyewa, ya jiƙa a ruwan zafi tun safe, ya zauna yana tauna yana lumshe ido kamar mai cin kilishi.

"Da daɗi, Kawu?"

"Yana riƙe ciki," in ji shi.

Sai kuma matsalar wuta. Wata rana da hantsi Bature ya kwaɓa, ya fara gashi, wuta ta ɗauke. Na zo gaishe su na tarar da Kawu yana zagaya teburin yana salati. Yana ganina ya ce, "Tada babur!" Ya naɗe injin a bargo don kada ya huce, ya rungume shi a ƙirji, ya hau bayana. Shagon masu cajin waya na bakin titi muka nufa, don su ke da janareta. Muna tafe yana dukan kafaɗata yana cewa in bi a hankali, in kuma yi sauri. Wata tsohuwa ta ga dattijo rungume da abu a bargo, ta tare mu hankali a tashe.

"Subhanallahi! Alhaji, wa ne ba lahiya?"

"Bature ne, baiwar Allah. Jikin shi na sanyi."

"Wayyo! Allah ya ba shi lahiya."

"Amin, amin," in ji Kawu, ko murmushi bai yi ba. Ni kuwa saura kaɗan in kifar da mu don dariya.

Haka ya zauna a benci tsakanin samari masu jiran wayoyinsu, shi yana jiran burodinsa, ƙamshin aya ya cika shagon. Da burodin ya fito, shi ma dutse ne.

Duk wannan abin da ake yi Hajiya ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ƙafar tana nan yadda take. Amma akwai abin da Hajiya ba ta iya jurewa a duniya, shi ne ta ga ana ɓata abinci a gabanta. Ni dai ina zargin Kawu ya san da haka, don sai ya daina rufe ƙofar turaka, ya kuma ƙara ɗaga murya in yana yi wa Bature bayani. Wata safiya ina nan yana cewa, "Bature, jiya ka ba ni kunya. Yau na ƙara maka yis cokali biyar," sai muka ji Hajiya daga tsakar gida.

"Yis biyar! Alhaji, so kake ka kashe mu? Mi yis zai kama a garin aya? Jiƙa 'yar kanwa ka tace ruwan, ka matsa lemon tsami a kai. Ka kuma ƙara ƙwai, wannan rowar taka ba ta yin burodi!"

"Bature ba ya son kwatance, Hajiya. Kanwa nawa?"

"Kai, matsa ka ba ni wuri!"

Ta dogara sanda ta shigo turakar da ta rantse ba za ta shiga ba muddin injin na ciki. Ta auna da idonta ta zuba. Kawu ya koma gefe ya naɗe hannu kamar ɗalibi, ya kashe mini ido ɗaya. Burodin ranar ya ɗan tashi, wuƙa ta shiga ba gardama. Tunda kuma da hannunta a ciki, dole ta ɗanɗana ta ji ko kanwar ta yi yawa. Ta gutsura, ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Kamar tabarma," in ji ta. "Miƙo mani shayin."

Da wannan tabarmar Hajiya ta riƙa karyawa kullum, tana ci tana kushewa, tana shan maganinta a kan lokaci. A hankali gyambon ya kame, ya rufe. Ranar da likita ya duba ya ce ƙafa ta tsira, Kawu ya fita waje wai zai duba tayar mota, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce ƙura ce.

Kada ku ɗauka waliyyin faliyo ne fa. Wata ranar kasuwar Ƙanƙara na hango shi a bayan rumfar wata mai ƙosai, ya juya wa hanya baya, ga ƙosai ga kunu mai sukari, yana aikawa ba ji ba gani. Na lallaɓa na tsaya a kansa.

"Kawu, kakanmu ya ci wanga?"

Ko ƙwarewa bai yi ba. Ya haɗiye, ya goge baki.

"Kai yaro, daga Sheme zuwa nan ba tahiya ba ce? Matahiyi ko salla an rage mashi. Zauna ka ci, kuma in Hajiya ta ji, na san bakin da ya hwaɗa."

A hanyar dawowa ya sa na tsaya ya karyi asuwaki, ya yi ta gogar baki har muka shiga gari.

Shi da ake ganin zai binne kowa, shi ya riga tafiya. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, sai ga shi Allah ya karɓi abinsa. Da aka share makoki hankalinmu ya koma kan Hajiya. Masu ta'aziyya sun cika gidan da burodin kanti, Bature kuma yana turaka an lulluɓe shi da bargonsa, a zatonmu ba wanda ya san awon sai mai shi. Ni da Bilki muka yi ta shawara a zaure, muna tsoron kada Hajiya ta koma gidan jiya, ƙafar da aka sha wahala a kanta ta sake buɗewa.

Washegari da safe na shigo gaishe ta, sai na tarar da ƙofar turaka a buɗe. Hajiya ce tsaye a gaban teburin da ƙafafunta biyu, ta yaye bargon, gwangwani a hannunta.

"Bature, an tashi lahiya? To madalla. Ga garin aya gwangwani uku. Ga ƙwai. Ga man shanu. Ga kanwa da tsami. Ka riƙe amana hwa."

Tiryan-tiryan, yadda yake faɗa, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Ta juyo ta gan ni.

"Mi kake kallo? Kana tsammani inji na jin magana? Ni yake karanta ma wa, don in haddace. Na sani tun ranar hwarko." Ta rufe murfin ta danna. "Kuma duk ranar kasuwar Ƙanƙara da ƙamshin ƙosai yake dawowa, asuwaki ko ba asuwaki. Ban taɓa ce mashi komi ba. Mutum ya bar tuwo saboda ƙahwata, in hana shi ƙosai?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma muka ga dukanmu hawaye muke yi. Bature dai bai kula mu ba, ya ci gaba da kwaɓinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Lado, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya haƙura da abin da yake so don wata ta tsaya da ƙafarta, Allah ya ciyar da shi abin da ya fi tuwon dawa daɗi a Aljanna, inda ba mai tambayarsa ko kakanmu ya ci. Hajiya kuma Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri. Amin.