Malam Audi da Kifayen Rami na Uku

Kullum da an idar da sallar asuba, za ka ga Malam Audi ya saɓa shebur ya nufi bayan majemarsu, inda magudanar ruwan jima ke gangarawa gulbi. Shekara ashirin da biyu ke nan, ko ranar Sallah sai ya leƙa.

Shi ma majemi ne, gado ya yi. Da aka bar bagaruwa aka koma jeme fata da sinadarin kanti, sai ruwan gulbi ya soma wari. Wata safiya Mode masunci ya zo ya juye masa kwandon matattun kifi a ƙofar majema.

"Ga aikinku nan! Mu ci mi, mu da ɗiyanmu?"

Kunya ta hana Audi cin abinci ranar. Kashegari ya fara haƙa ramuka uku a kan hanyar ruwan. A na farko dauɗa ta kwanta, na biyu yashi da gawayi su tace, na uku ya dasa ciyawar fadama ya saki ƴan karfasa. Dokarsa ɗaya ce: ba a buɗe wa ruwa hanyar gulbi sai kifin nan sun kwana uku da rai.

Kai, ya sha dariya! Har Sarkin Ruwan Kwata abokan sana'a suka laƙaba masa. Kifin farko suka mutu, na biyu ma haka. Ya bi majema ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a koma bagaruwa, har bakwai suka yarda. Hajara mai lambun albasa a bakin gulbi ta shaida mana shekara shida ke nan ganyenta bai ƙone ba.

Malam Audi, kai ne ka ji kunyar da ta kamata mu ji gaba ɗaya, ka mai da ita aiki.

Bana gwiwa ta ƙi, ya miƙa shebur ga ƙanensa Jelani. Mun gode, Allah ya saka. Masu majema da marina da har yanzu kuke sakin ruwa yadda ya fito, ramukan na nan, ku je ku gani.

Ranar da ya ajiye aiki, sai ga Mode, gemu duk furfura, ya sake juye kwando a ƙofar majema. Kifin suna ta tsalle a ƙasa.

"Tashi ka kama abinka, Audi," in ji shi. "Wanga karon da ransu na kawo."