Itacen da Orval Ya Kai Arewa

Duk wanda ya san Orval Hoekstra a unguwarsu ta gefen Detroit, da gatari ya san shi. Mutumin nan bai iya zuwa gidan kowa hannu rabbana ba. Wasu su kai kek, wasu kwalbar giya, shi kuwa itacen wuta ne gaisuwarsa, faskararre, a jere tsaf a bayan akori-kurarsa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar mota, amma wa ke tuna shi da mota?

Duk shekara, idan lokacin farautar barewa ya kama, yakan yi arewa wajen yayarsa Marlys, wadda ta riƙe gidan da aka haife su. A ƙofar gidan akwai ƙatuwar bishiya, irin da ake kira ash, da mahaifinsu ya dasa. Marlys ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, bishiyar nan ce abokiyar hirarta.

Shekarar da bishiyoyin ash na layin su Orval a Detroit suka fara bushewa daga sama, Orval har murna ya yi. Itace a banza! Ya sare, ya faskara, ya loda, sai arewa. A ƙarƙashin ɓawon ya ga wasu layuka kamar sawun maciji, har ya nuna wa yayarsa.

"Dubi ado, Marlys. Itacen birni ke nan, da zanensa yake zuwa."

"Kai dai jera min shi a gindin bishiyar Baba, sarkin surutu."

Ya jera. Sanyi ya wuce itacen bai ƙare ba, ragowar ta yi bazara a wurin.

Daga baya ne aka kafa alluna a bakin titi: kada a ɗauki itace daga gari zuwa gari. Wani koren ƙwaro ne baƙo, tsutsarsa ke cin bishiya ta ƙarƙashin ɓawo, kuma a cikin itacen wuta yake tafiya. Orval ya ga hoton zanen nan a allo, ya gane irin wanda ya nuna wa yayarsa ne. A gefen hanya ya tsaya ya daɗe riƙe da sitiyari.

Bai gaya wa kowa ba. Da furfurarsa ya je ya koyi yi wa bishiya allura, ya sami lasisi. Da ganye ya fito sai ka gan shi durƙushe a gindin bishiyar Baba, yana huda ƙananan ramuka, yana ɗura magani, yana jira jijiyoyinta su ja shi sama. Daga nan ya bi maƙwabta, ya bi coci, ya bi maƙabarta, ba ya karɓar komai. Bishiyoyi da yawa sun tsira a hannunsa. Mutanen garin suka sa masa suna Likita, shi kuwa duk godiyar da aka yi masa sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi.

Bishiyar Baba ce ta ƙi. Ita ƙwaron ya fara shiga, ya riga ya cinye hanyoyin da magani zai bi. Kowace shekara inuwarta na raguwa, Marlys na matsar da kujerarta, har ta rasa inda za ta ajiye ta.

Shi ya sare ta da hannunsa. Ya faskara, ya tsaya yana kallon tulin.

"Loda mana, Orv," in ji Marlys. "Ka kai wa maƙwabtanka."

"Ba inda zai je. A nan za ki ƙona shi duka kafin bazara." Ya ajiye gatarin. "Marlys, akwai maganar da..."

"Rufe min baki, ɗan auta. Tun ranar da ka fara zuwa gidan nan motarka wayam na gane."

"Kika yi shiru?"

"In ce me? Kai ka kawo, amma wa ya ce ka jera a gindinta?" Ta share ido da bayan hannu. "Ni ma ina karanta allunan titi."

Ta sunkuya ta ɗauki itace guda biyu, shi ma ya ɗauka, suka shiga da su ciki.