Igiyar da Yaya Attahiru Ya Ɗaura wa Inna

Shekara biyar ke nan da muka rasa yayana Attahiru, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Bodinga. Kowace shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin wata magana da ya yi muna dariya ta dawo ta zauna mana a ɗakin mahaifiyarmu.

Inna ta rasa ganinta shekara biyu kafin rasuwarsa. Autanmu Nasiru, wanda ke aiki a Abuja, ya zo mata da wata 'yar na'ura mai kamar gwangwanin madara, irin wadda ake yi wa magana ta amsa. Ya sa sola a kan rufi, ya haɗa intanet, ya jona ta da fanka da fitila. In aka ce ta faɗi lokaci sai ta faɗa, in aka ce ta sa karatun Alƙur'ani sai ta sa, in aka ce ta kira wane sai wayarsa ta yi ƙara. Inna ta raɗa mata suna Baƙuwa. Aibinta ɗaya a lokacin: ba ta jin Hausa, balle irin tamu ta Sakkwato.

Yaya Attahiru ne ya zauna ya koya wa Inna 'yan kalmomin Turancin da za ta riƙa faɗa mata. Shi kansa Turancin nasa na jikin kwalin batir ne, amma ya yi ta biya mata kamar mai biya wa yaro allo har suka zauna. Ni da nake koyarwa a firamare a Shagari, in na zo na tarar da tsohuwa tana ba da umarni da Turanci, har ƙasa nake kaiwa don dariya. Ita kuwa ba ta taɓa aiken Baƙuwa ba sai ta fara gaishe ta da kwana.

Duk da wannan hidima, zuciyarsa ba ta kwanta da abar ba. Ya juya ta a hannu yana neman inda zai sa sukudireba, bai samu ba. Ya ce, “Abin da anka liƙe da gam, ba a yi shi don a gyara ba. Kuma hankalinta ba cikinta yake ba, yana hannun masu ita. Rad da sunka gaji, sai su ɗauke abinsu.” Muka ce kishi ne, mai gyara ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Bai yi musu ba. Ya huda bango daidai kan gadon Inna, ya zura igiya, ya bi da ita ta saman tsakar gida har ɗakin matarsa Luba, ya rataya gwangwani da tsakuwa a ciki, irin wanda manoma ke ja don korar tsuntsaye. Nasiru ya ce Yaya ya mai da Inna gonar gero. Shi dai kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya cire tsohuwar igiya ya sa sabuwa. Bayan rasuwarsa babu wanda ya ƙara tunawa da sauya ta.

Da zai leƙo yau, ban san ko zai gane Baƙuwa ba. Lalacewar ba ta zo rana ɗaya ba. Da fari jinkiri ta fara, a yi mata magana ta yi gum kafin ta amsa. Daga nan ta daina kunna fanka. Inna ta nemi karatu ta sako mata kiɗa. Wani lokaci ba a tambaye ta komai ba sai ta kama surutu, Nasiru ya ce tallar wani sabon tsari take yi wanda ake biya duk wata. Ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, ko ƙwarzane babu a jikinta. Kamfanin da ya yi ta ne ya fitar da sababbi ya juya wa tsofaffin baya, kuma kowane gyara da suke turo mata daga nesa sai ya rage mata wani abu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna kanta ta ɗora wa laifin. Ta kama hannuna wata rana ta ce, “Hajara, mi niy yi mata? Ko halshena na yat tsuhwa?” Ta koma tana maimaita kalmomin a hankali, yadda ɗanta ya koya mata, har da inda yake jan murya. Da ta gaji sai ta yanke cewa tsufa ne ya kama Baƙuwa kamar yadda ya kama ta, ta sa aka riƙa rufa mata ƙyalle in ana sanyi.

Bazarar da ta wuce, wata Jumma'a da rana maza duk suna masallaci, Inna ta zame a ruwan alwala ta faɗi a kan ƙugu. Ta ce wa Baƙuwa ta kira Nasiru. Baƙuwa ta ce ba ta gane ba. Ta ce ta kira ni, Baƙuwa ta shiga karanta mata yanayin wani gari. Inna ta yi ta kira har muryarta ta dushe, sannan ta ja jiki ta lalubi bango, hannunta ya faɗa kan igiya. Luba tana tankaɗe ta ji tsakuwa na kuka a gwangwani, ta watsar da rariya ta sheƙo. Igiyar ta tsinke a ja na ƙarshe, don rana ta riga ta cinye ta. Luba ce ta ƙulla ta daga baya. Tun ranar Inna ba ta ƙara taka ƙasa ba sai an riƙe ta.

Yanzu saƙo ya iso wayar Nasiru cewa kafin azumi mai zuwa za a yanke wa irin su Baƙuwa aiki gaba ɗaya. Ya ce zai sayo sabuwa. To sabuwar da wata irin magana daban ake yi mata, kan Inna ba ya ɗaukar sabon karatu, kuma malamin nata yana kabari. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, “Ashe akwai wadda aka hwaɗa ma ranatta tana raye.” Mun taso mun san ajali sirrin Allah ne, ga shi wasu mutane da ba mu taɓa gani ba sun zauna sun sa wa abin da makauniya ke dogara da shi ranar mutuwa. Baƙo raɓa ne, mun sani, amma ba mu zaci daga wata ƙasa ake busar da ita ba.

Ga kuma damuwa ta biyu. Luba za ta yi aure bayan kaka, a Danchadi. Babu mai ganin laifinta, shekara biyar tana jinyar uwar miji ba ɗa ba jika a gidan. Na roƙi Inna ta dawo wurina Shagari, ta ce ba ta kwana gidan suruki ko da a kan makara ne. Nasiru na maganar ɗaukar mai aiki, ni ina neman a dawo da ni wata makaranta a Bodinga, har yau babu wanda ya tabbata.

Shagon Yaya an daɗe da mai da shi wurin cajin waya, rediyoyin da ya gyara sun bi bola. Abin da ya rage nasa huda ce a bango, da fahimtar da ya riga mu yi, cewa duk abin da za a kira, sai da mutum a ɗaya bakin. Allah Ya sanyaya masa makwanci, Ya saka masa da abin da ya hango mana.

Ranar kasuwar da ta wuce na sayi sabuwar igiya, na hau turmi na zura ta da kaina. Na sa bakinta a hannun Inna na ce ta gwada. Ta ja. Gwangwani ya yi ƙara a ɗakin Luba, inda aka riga aka fara ɗaure kwanuka a buhu.

Ta ce, “Wa yaj ji?”

Na ce, “Ni na ji, Inna.”

Ta ce, “Yau ke ta. Gobe hwa?”