Idon Baba Ya-Goce

Kafin a ɗaga ƙofar gaba ta kantin agogo, shi ya riga ya shiga ta baya. Ɗakinsa ɗan tsukuku ne: tebur, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa kamar zai karɓi jariri. Sai ya wanke hannu, ya maƙala ɗan gilashinsa a idon dama, ya jawo kwalin farko. Duk agogon da za a jera a sayar sai ya bi ta hannunsa. Haka yake tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat.

Aikinsa ya fi yawa a kan agogon masu nutso a teku. Irin wannan agogo yana da zobe kewaye da fuskarsa, mai juyawa yana ƙas-ƙas-ƙas, kuma ba ya komawa baya. A jikin zoben akwai 'yar alama kamar kan kibiya. Mai nutso yakan saita ta kafin ya shiga ruwa, don ya san daɗewar da ya yi a ƙarƙashin ruwa kada iskarsa ta ƙare. Abin al'ajabi, mutum yana can inda rana ba ta kaiwa, kifaye na gifta shi ba sallama, ransa na rataye da ɗan zobe. To idan aka mayar da zoben mazauninsa, dole kan kibiyar ya tsaya cak a kan sha biyu. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, sai dattijon ya ture agogon gefe ya ce, "Ya goce." Daga nan sunan ya bi shi. Har mai ɗakinsa, in ta so tsokana, takan ce, "Baba Ya-Goce, tsaya, hularka ma ta goce."

Kantin na sayar da agogo na asali, waɗanda sai da safar hannu ake ɗauka, yana kuma sayar da na kwaikwayo, ba a ɓoye wa mai saye. Duka biyun sukan zo da zobe a karkace, kuma duka biyun kallo ɗaya yake yi musu. Masu jiran kanti sun sha jin mai kanti yana leƙowa yana cewa, "Haba Baba, wannan fa jabu ne. Mai sayensa ko a baho bai taɓa nutso ba."

"Agogon ne jabu, ranka ya daɗe. Mai sayen ba jabu ba ne."

Abin da ya ture, teburin Dogo mai gyara yake zuwa, a ɓalle zoben a sake zaunar da shi. Sun tsufa tare suna faɗa. "Yaya, wannan idon naka ko aljani ya ara maka?" in ji Dogo. Shi kuwa ya ce, "Gyara dai, surutu ba ya miƙe zobe."

Baba, kai ne wanda mutane suka ɗaura aikinka a hannu suka tafi ɗaurin aure da neman aiki, ba su san da kai ba. Aikinka idan ya yi kyau ba a ganinsa. Abin da aka gani kawai shi ne dattijo mai tsirfa da ke jinkirta kaya.

A bara ne abin ya soma. Agogo ya dawo daga teburin Dogo, Baba ya ce ya goce. Aka sake, ya ce ya goce. Kwali guda cur ya ture. Ran nan ya ɗaga murya a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba: "Dogo, hannunka ya mutu! In ka gaji ka faɗa." Dogo ya dubi agogon, ya dubi yayan nasa na aiki. Ya ɓalle zoben da yake daidai ya sake mayarwa.

'Yar autarsa ce ta ja shi asibitin ido, don ta ga yana ta gyara hoton bango da ba abin da ya same shi. Likita ta rufe masa idon hagu, ta miƙa masa takarda mai layuka a tsaye da a kwance.

"Baba, me ka gani?"

"Likita, layukan nan na tsakiya sun goce."

"Baba, a miƙe suke."

'Yar ta ce ya daɗe yana riƙe da takardar. Da ya buɗe baki, ba maganin ya tambaya ba. Cewa ya yi, "Ashe Dogo na da gaskiya."

Mai kanti ya yi masa kara. Ya ce ya ci gaba da zama a kujerarsa, Dogo ya riƙa dubawa a ɓoye, shi kuma ya gyaɗa kai, ba wanda zai sani. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai ce wa abu ya yi ba alhali bai gani ba. Ya tara duk waɗanda suka ji ya ɗaga murya, a wurin da ya ɗaga ta, ya ce, "Hannun Dogo lafiya lau. Idona ne ya goce. Ƙanena, ka yafe ni." Dogo ya juya baya yana ta laluben abin da bai ɓata ba a cikin aljihun tebur. Da ƙyar ya ce, "Yaya, ai na sani tun ran farko." Sannan dattijon ya ninke farin ƙyallensa ya fita ta ƙofar baya. Ba a yi taro ba, ba a ɗauki hoto ba. Kafin wani ya tuna ya kamata a ce an gode, ya riga ya sha kwana.

To ga godiyar nan, ko da ta makara. Mun gode, Baba. Kai ne ka tsananta wa ƙarfe shekara da shekaru, da abin ya zo kanka ba ka sassauta wa kanka ba. Allah Ya saka, Ya bar maka hasken da ya rage. Masu duba aikin wasu, a kowace sana'a kuke, ku koyi tsayawa irin tasa, ku kuma koyi sauka irin tasa.

Yanzu yana gida, yakan zauna a ƙofa da hantsi. Ku je ku gaishe shi. Zai kamo hannunku ya juya agogon wajen haske, don hannu bai san ido ya yi ritaya ba. Ku bar shi ya duba. Amma don Allah kada ku tambaye shi ko ya yi daidai.