Matar da ke Sansana Rodi

Ga ta tsaye a rumfar mai walda a kasuwar garin Reynosa, tana jira a fiƙe mata bakin rodi. Gajeruwar dattijuwa ce, takalmanta sun yi futu-futu da ƙasa. Hoton wani saurayi na gaban rigarta, wanki ya cinye shi, murmushin ne kaɗai ya rage.

"Doña Eulalia, kina cin ƙarfe kamar mai haƙar zinari," in ji mai waldan.

"Ai zinari ana samu, ɗan nan. Yi sauri, rana tana yi."

Ba mai tambayar inda za ta. Duk mun san uwayen da ke shiga daji da rodi, su caka a ƙasa, su zaro, su sansana bakinsa, ko za su ji warin 'ya'yansu da masu safarar ƙwaya suka binne. Ina jin a da can tela ce, yadda take gwada tsinin da ɗan yatsa.

Ya miƙa mata. Ba ta ma san ta kai shi hanci ba. Ta lumshe ido, ta daɗe.

"Yau ma dai ƙarfe," ta ce, ta saɓa shi a kafaɗa.